Tambaya da Amsa: Laburaren da ke tantance adireshin IP

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon haɗa shafukan intanet a Yaba, na kuma yi wa wani ɗan kasuwa a Agege shafi da Node.js. Dillalai kan liƙa mahaɗin hoton kayansu, sabar ta je ta ɗauko. An ce in hana ta zuwa adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) na cikin gida, wato na sabar kanta da na'urorin da ke tare da ita. Sai na rubuta kod mai yanka adireshin a kan ɗigo, ya duba gida huɗu ne, babu wanda ya haura 255. Wannan ya wadatar, ko sai na sauke laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta domin wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan ya kyauta, amma kod ɗinka bai wadatar ba, ƙanena. Adireshin IPv4 lamba ce guda mai bit 32, ɗigon nan salon rubutu ne kawai domin sauƙin karatu, kuma akwai wasu salon. Ka buga 2130706433 a burauza, za ta kai ka 127.0.0.1, wato kwamfutar da kake kai.

Ga inda za a kama ka. Wani ya turo 0177.0.0.1. Kod ɗinka zai ga 177, bai haura 255 ba, ba ya cikin jerin na gida, sai ya buɗe masa ƙofa. Alhali manhajoji da yawa, in suka ga sifili a gaban lamba, da lissafin tushe takwas suke karanta ta, kuma 0177 a wannan lissafi 127 ne. Ka ga sabarka ta juya tana buga wa kanta, baƙo kuma yana leƙa abin da ka ɓoye a ciki. A sabar haya irin ta AWS abin ya fi muni, domin 169.254.169.254 kan riƙe bayanan sirri na sabar kanta.

Wannan tarko ya kama manya. A 2021 an gano shi a laburaren netmask na npm (rumbun laburaren Node.js), an kuma gano irinsa a ipaddress na Python, wanda daga siga ta 3.9.5 ya daina karɓar sifilin gaba kwata-kwata. Laburaren ip na npm ma an same shi yana ɗaukar 0x7f.1, wanda shi ma 127.0.0.1 ne a wani salon, a matsayin adireshin waje. Duk da haka laburare nake ba ka shawara, saboda idanu da yawa na kansa, in an ga ɓaraka a toshe, kai naka sabuntawa. Kod ɗin da ka rubuta da dare kai kaɗai ka taɓa karanta shi.

A Node.js fara da net.isIP, yana nan tare da shi: 4 ko 6 yake dawo da shi, ko 0 in rubutun ba adireshi ba ne. Sannan ka ɗora ipaddr.js, wanda Express, manhajar haɗa shafuka ta Node.js, ma da shi yake aiki ta ƙarƙashi. Ka kira process, zai mai da irin ::ffff:192.168.1.5 zuwa IPv4 ɗinsa, sai range ya faɗa maka rukuninsa. Abin da ya fito unicast, wato adireshin waje na yau da kullum, kaɗai za ka bari ya wuce. Kuma tunda dillali sunan shafi zai liƙa, ka fara neman adireshin da sunan ke nunawa, shi za ka tantance, shi ɗin kuma za ka haɗa da shi.

Masu Python su duba is_global a ipaddress, laburaren da ke ciki tun siga ta 3.3. PHP na da filter_var tare da FILTER_VALIDATE_IP, Go kuma net/netip tun 2022.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kula da shafin wata ƙungiyar adashe ta mata a Idi-Araba. Na sa duk adireshin da ya kuskure kalmar sirri sau biyar a rufe shi na awa ɗaya. Yanzu mata suna ta ƙorafi an rufe su ba su ko taɓa shafin ba. Ina matsalar take?

Amsa: Barka kadai, Malama. Fara buɗe rajistar sabar ki duba. In kusan kowa da adireshi ɗaya ko 'yan kaɗan yake shigowa, to adireshin Nginx ko Cloudflare kike gani, wato masu tsaron ƙofa da ke karɓar baƙi kafin su iso sabarki. Na ainihin mai ziyara yana cikin X-Forwarded-For, wani layi da ke zuwa tare da saƙon ziyarar. Sai dai kowa na iya cusa ƙarya a wannan layi, don haka kada ki ɗauki na farko da hannu. A Express ki saita trust proxy da adireshin masu tsaron ƙofarki kawai, req.ip zai fito daidai.

In kin gyara wannan ƙorafi bai tsaya ba, to layin waya ne. IPv4 bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma IANA, hukumar raba adireshin ta duniya, ta raba na ƙarshe a hannunta a Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin waya kan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗakuna barkatai da lamba ɗaya a ƙofa. Mace ɗaya ta manta kalmarta, kin rufe duk wadda ke tare da ita. Ki ƙirga kuskure a kan asusu, ki bar ƙirgan adireshi da iyaka mai faɗi sosai. Ga IPv6 kuwa, sabon salon adireshi, ki ƙirga a kan /64, wato rabin adireshin na farko, domin na'ura kan sauya rabin adireshinta na ƙarshe.

Tambaya: Malam, daga Mile 12 nake. Yaya zan adana IP a rumbun bayanai, kuma zan iya gane unguwar mai saye da shi?

Amsa: In PostgreSQL ne, yi amfani da nau'in inet, yana ɗaukar IPv4 da IPv6, yana kuma iya bincike ta rukuni. In a rubutu za ka ajiye, ware haruffa 45, domin 15 na IPv4 ne kaɗai.

Batun unguwa kuwa, ka cire rai. Rumbu irin GeoLite2 na MaxMind yakan dace a ƙasa, a gari sai ƙiyasi. Mai saye na zaune a Kano da datar waya, ana iya nuna maka shi a Legas, saboda ta nan kamfaninsa ya fitar da shi. Kada ka yanke kuɗin kai kaya da shi, ka sa gurbi ya rubuta adireshinsa. Ka kuma riƙe IP a matsayin bayanin mutum da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa: ka sa ranar da za a riƙa goge tsofaffi, kuma ka taƙaita masu iya buɗe rajistar.