Tambayi Likita: Lissafin Lafiyar Gida a Lokacin Kirsimeti

Motocin Billiri, Kaltungo, Dass da Tafawa Balewa sun fara cika da masu komawa gida Kirsimeti. In an hallara an ci an sha, hira kan koma lissafin shekara: buhu nawa na masara aka samu, wa ya yi aure, wa aka haifa, wa aka rasa. Tambayoyin wannan mako daga irin wannan zama suka fito.

Tambaya daga Billiri: Likita, a watan Agusta muka rasa mahaifinmu. A gona ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana uku ya cika. Babban yayanmu ma yana da hawan jini, amma ya daina shan magani wai ya ji sauƙi. Mu bakwai ne, duk za mu haɗu a gida. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Sannunku da rashi, Allah ya ta'azantar da ku. Hawan jini yana bin gida, don haka ku bakwai ɗin nan duk sai an auna ku, har wanda yake ganin kansa garau. Galibi ciwon ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awo wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu ta fi yawan yin kuskure.

Yadda ake awon shi ne inda ake yawan ɓatawa. Mutum ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti 5 a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Kada ya ci goro, ya sha kofi ko taba cikin minti 30 kafin awo, kuma ban da surutu yayin da na'ura ke aiki. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, har kwana bakwai in hutu ya kai. Mai kaurin damtse yana buƙatar babban maɗauri, domin ƙarami yakan nuna lambar da ta fi ta gaskiya. A rubuta komai a littafi ɗaya, kowa da shafinsa. A shafin farko a sa abin da ya kashe Baba da shekarunsa. Likitan da zai duba ɗayanku zai so ya sani.

Wanda awonsa na gida yake tsayawa a 135/85 ko sama, ya je asibiti da littafin. In ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, haki ko dishi-dishin gani, ba a jira a gama biki.

Shi kuma yaya, ku faɗa masa cikin ladabi cewa sauƙin da ya ji aikin maganin ne. Maganin hawan jini riƙewa yake yi, ba ya cire ciwon, kuma in an ajiye shi jinin kan koma inda yake. Ku tambaye shi dalilin dainawar, don sau da yawa akwai shi. Cikin magungunan hawan jini, amlodifin kan kumbura ƙafa. Lisinofiril kan kawo busasshen tari, wanda a wannan lokaci sai a ɗora wa hunturu laifi. Duka biyun ana iya canza su. Ya kuma rage sayen diklofenak da ibufirofen a kemis don ciwon jiki, suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Gishiri kuwa kada ya wuce giram 5 a yini, wajen cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule da kanwa duk cikin lissafin suke. Mai zuba dunƙule shida a miya sannan ta ce ta rage gishiri ba ta rage komai ba; daddawa da albasa da citta sun isa su tada miya.

Kowa a gidan ya haddace alamu uku na shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. A duba agogo, a kwantar da mai alamun ta gefe, a nufi babban asibiti irin na Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. Kada a ba shi asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, don in jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi.

Tambaya daga Kaltungo: Mamanmu tana da ciwon suga, tana shan Daonil da metformin. Bara a coci jiri ya ɗebe ta, gumi ya karyo mata. Bana me za ta ci, me za ta bari?

Amsa: Abin da kika kwatanta ya fi kama da faɗuwar suga, ba hawansa ba. Daonil yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. In Mama ta haɗiye shi ta fita sujada da cikinta wayam, aka yi awa huɗu ana waƙa da rawa, sugan zai zube. Ta karya kafin ta fita, ta sa alewa a jaka, haka ma daren shiga sabuwar shekara. In ta ji rawar jiki da gumi, ko awo ya nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, a dama cokalin shayi 3 zuwa 4 na suga a ruwa ta sha, a sake awo bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ta suma, babu abin da za a sa mata a baki, sai asibiti.

Ba a hana ta shinkafar Kirsimeti ba. Rabin faranti ganye ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi, sauran shinkafa. Abin sha ne maƙiyin. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da wajen cokalin shayi tara na suga, kuma Maltina da ake kawo wa tsofaffi don girmamawa ita ma suga ce. A raba mata zoɓonta kafin a zuba suga. Burukutu tare da Daonil yana iya kayar da suga cikin dare.

Lissafin shekararta shi ne gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku. Ga yawancin manya ana neman ƙasa da kashi 7. A haɗa da gwajin ƙoda da duba ido. Ki kuma duba tafin ƙafarta kowane dare da tocila. Faso na hunturu a ƙafar mai suga ƙofar gyambo ne: a shafa basilin a dunduniya, ban da tsakanin yatsu, kuma kada ta miƙa ƙafa kusa da garwashi, tana iya ƙonewa ba ta ji ba.

Tambaya daga Bauchi: Za mu kai yara ƙauye wajen Dass, gidan kuma akwai ɓeraye. Ina tsoron zazzaɓin Lassa.

Amsa: Tsoronki yana kan hanya. Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi kamari, kuma da rani take tashi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Fitsari da kashin ɓera ne ke gurɓata abinci. Hatsi da gari su shiga mazubi mai murfi, a daina shanya a ƙasa a gefen hanya, kwanon da ya kwana a waje a sake wanke shi, abincin da ɓera ya taɓa a zubar gaba ɗaya, ba a yanke gefen a ci saura ba. Yara maza su bar farautar ɓera in an ƙona daji. Cutar kan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, wato kuna iya dawowa Bauchi lafiya ta fito cikin Janairu. Farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro ne, da ciwon maƙogwaro da kasala. Zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana biyu ana shan magani, a koma asibiti a faɗi inda aka je. Maganinta, ribabirin, ya fi aiki in an fara cikin kwana shida na farko. Wanda ya jira ganin jini ya makara.

Tambaya daga Gombe: Ɗana yana da wata 13, hidimar shekara ta sa allurar wata tara ta wuce mu. Daga farko za a sake?

Amsa: A'a, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ki ɗauki katinsa ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa kafin tafiya, a yi masa ta ƙyanda, ta shawara da ta sanƙarau, kyauta ne. Ƙyanda tana saurin yaɗuwa inda yara suka cunkushe ɗaki ɗaya, kuma allurar tana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta kama jiki, don haka gobe ta fi jibi. Ta ƙyanda ta biyu tana nan a wata 15, ki sa a rubuta miki ranar a katin.