Amsa: AnyDesk ba ya ganin sauran kwamfutocin da ke kan rauta ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutocinka uku suna kan rauta ɗaya amma AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya ƙi nuna sauran biyun. Fara da lambar IP, wato adireshin da rauta ke ba kowace na'ura. Buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) a kowace kwamfuta ka rubuta ipconfig don ganin lambar. In ɗaya tana 192.168.1.15, wata kuma 192.168.0.20, to ba a zaure ɗaya suke ba, tunda rukunin lambobi uku na farko bai zo ɗaya ba, galibi rauta ce ta biyu ke raba nata lambobin.

In lambobin sun dace, duba ko Windows ta ɗauki haɗin a matsayin Public. Mayar da shi Private, domin a Public bangon tsaro (firewall) yakan toshe saƙon da manhajar ke watsawa don neman 'yan'uwanta. AnyDesk yana wannan nema ta ƙofofin sadarwa (ports) na UDP 50001 zuwa 50003, haɗi kai tsaye kuma ta TCP 7070. Buɗe su a bangon tsaron.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne Wi-Fi na baƙi. Da gangan yake hana na'urori ganin juna, ko ping, saƙon gwada haɗi, ba zai wuce ba.

In duk ya gagara, rubuta IP ɗin kwamfutar kai tsaye a gurbin adireshi na AnyDesk.