Tambayoyin Masu Karatu: Malaminmu ɗan Tamil da naman layya

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna makarantar sakandare a nan Sakkwato, malaminmu na lissafi ɗan ƙabilar Tamil ne daga kudancin Indiya. Ranar wata Babbar Sallah muka kai masa soyayyen naman layya, ya yi godiya ya ce ba ya cin nama, amma bai bar mu mun tafi ba sai da muka ci shinkafarsa. Shin haka kakanninsu suke tun asali? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙin cin nama ba al'adar dukkansu ba ce, domin tsofaffin waƙoƙinsu na zamanin Sangam, waɗanda aka tsara kimanin shekara 2,000 da suka wuce, sun nuna sarakuna suna ciyar da mawaƙa shinkafa da aka dafa haɗe da nama, kuma har gobe galibin mutanen Tamil suna cin nama da kifi. Waƙoƙin sun kasa ƙasarsu gida biyar, kowane yanki da cimarsa. Mutanen tsauni suna da zuma da gero, makiyaya suna da nono da man shanu, mazauna bakin teku kuwa sukan kai gishiri wa manoman fadama su karɓo shinkafa, kamar yadda Bafulatana ke shigowa gari da ƙwaryar nono ta koma da hatsi.

Daga baya ne littafin Tirukkural na mawaƙin Tamil Tiruballubar, mai baiti 1,330 cikin babi 133, ya keɓe babi na 26 ga hanin cin nama, yana mai cewa wanda ke gina jikinsa da naman wata halitta da wuya tausayi ya zauna a zuciyarsa. Wataƙila wannan koyarwa malaminku ya gada.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinka shi ne shinkafar nan. Babi na 9 na littafin kacokan kan baƙo yake, inda ya nuna abin kunya ne mutum ya ci shi kaɗai alhali baƙo na zaune a waje, ko da abin da yake ci maganin hana mutuwa ne. Ya kuma kwatanta baƙo da wani fure mai suna aniccam, wanda da an shinshine shi sai ya yi yaushi, ya ce shi baƙo tun daga nesa yake yaushi idan ya hango mai gida ya ɗaure fuska.