Ya ci BECE amma ya kasa rubuta wasiƙa

Hajiya, kin tambaya yadda ɗanki ya ci jarrabawar BECE ta aji 3 a ƙaramar sakandare, amma wasiƙa ta gagare shi. Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Da sakamako ake auna makaranta, shi ya sa da jarrabawa ta matso malamai da yawa ke ajiye darasi su koma bitar tsofaffin tambayoyi, yara na ta haddar A, B, C, D. Ga cunkoso, malami ba zai iya duba rubutun kowa da jan biro ba. Kafin ya shiga SS1, ki sa ya riƙa karanta miki shafi ɗaya bayan magariba, sannan ya rubuta abin da ya fahimta da kalmominsa.