Ga 'yar'uwar da ƙumar maciji ta shiga shagonsu

Salamu alaikum 'yar'uwa, sannu da wannan ɗawainiya. Tun kafin in kai ƙarshen tambayarki na san inda za ta tsaya, don duk wanda ya riƙe shagon dabbobi masu jan ciki da iyalinsa ya san wannan ciwon. Kin ce ke da Baba da ƙannenki biyu ne ke kula da shagon, mutane suna kawo muku dabbobin da suka gaji da su, har yanzu kuna da mesa mai dunƙulewa guda biyu, igwana ɗaya (babban ƙadangare mai cin ganye) da kunkuru nau'in sulkata, duk ba na sayarwa ba. Mesar ƙarshe ta shigo da ƙuma, ƙumar ta bazu a kejin sayarwa, Baba ya ce daga yau ko tsaka ba za a sake karɓa ba. Kina son sanin yadda za ki kashe ƙumar, da kuma ko Baba na da gaskiya.

Ƙumar tukuna, don ita ba ta jira. Abin da ke yaudarar mutane shi ne suna wanke maciji, su ga babu ɗigon baƙi a jikinsa, su ce an gama. Ba a gama ba. Macen ƙumar tana shan jini ta ƙoshi, sai ta sauka daga jikin macijin ta je ta zuba ƙwai a tsagar keji, a lungun sama, a bakin murfi, a cikin ɓawon itace. Daga ƙwai zuwa babba kamar mako biyu ne ko ɗan fiye, babbar kuma tana iya kaiwa kwana arba'in. Saboda haka aikin da bai kai mako shida ba wasa ne. Kuma ba kejin da kika gan ta kaɗai za ki yi wa ba, duk kejin da ke ɗakin ne, don da ƙafarta take bin bango, tana kuma hawa hannun riga.

Ki kwashe duk shimfiɗar ƙasan keji, ki ƙulle a leda, ki fitar da ita daga ginin a ranar. Itace da ɓawo da duk abin da ke da ƙofofi, ki zubar, kada ki ji tausayinsu. A shimfiɗa farar takarda kawai, da maɓoya ta roba, da kwanon ruwa guda. A kan farar takarda ne za ki riƙa ganin ko ƙumar na raguwa. Macijin kuwa a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, digiri 28 zuwa 30, zurfin kada ya wuce rabin kaurinsa, minti ashirin zuwa talatin, kina tsaye a kansa. Ki bar shi ya sha tukuna, sannan ki ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, shi ne ke sa ƙumar ta nutse. Bayan nan ki bi gefen idanu da tsagar ƙarƙashin haɓa da auduga mai laima, nan suke ɓuya. Kejin a wanke da ruwan zafi, a bi da bilic, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe har warin ya fita. Duk mako a maimaita.

Maganin feshi mai famitirin yana aiki, amma keji ake fesa wa, ba dabba ba. A fitar da maciji da kwanon ruwansa, a fesa, a bari ya bushe ƙarau. In kuna da kyanwa, ko kifi, ko gyaren da kuke ba dabbobi su ci, a nisanta su, yana kashe su. Sai abin da nake roƙonki da Allah ki rubuta a bango inda ƙannenki za su gani: aibamektin, maganin ƙwari da tsutsa, kada ya taɓa kunkuru. Wani zai ce miki ai da shi ya kashe ƙumar macizansa, to a kunkuru da kififiya shanye jiki yake kawowa, sai mutuwa. Sulkatarku kada ta ko shaƙi inda aka yi amfani da shi.

Kuma ku daina sayar da maciji har a gama. Na san nauyin wannan maganar a shagon da gida ke ci daga cikinsa. Amma maciji ɗaya mai ƙuma da ya fita daga hannunku zai ɓata sunan da Baba ya yi shekaru yana ginawa.

Abin da ya same ku ba laifin tausayi ba ne, laifin ƙofa ne. Dabbar ceto ba ta shiga ɗakin kaya, ko da kuwa tana ƙyalli. Killacewa kwana casa'in ne mafi ƙaranci, mesa da bowa (maciji mai kama da mesa) kuwa wata shida. Killacewa kuma ba keji a ɗaya kusurwar shago ba ne. Ɗaki ne mai ƙofa, da nasa awartakin ba da abinci, nasa ƙugiya, nasa bokiti da soso. Mutum ɗaya a cikinku ke shiga, kuma shi ne aikin ƙarshe na yini, daga nan sai wanke hannu da sake riga. A shagon gida a nan ake faɗuwa, don ƙanin da ya ga sabon maciji sai ya ɗauko ya nuna wa abokinsa, ya koma ya taɓa na sayarwa. A sa kwaɗo, ba rashin yarda ba ne. Ran da dabba ta shigo a auna ta da giram a rubuta, sannan duk mako. A kai ɗanyen kashinta wurin likitan dabbobi cikin kwana ɗaya, kuma ba sau ɗaya ba, don gwaji ɗaya yana iya kuskure tsutsa. Ɓeran da wani maciji ya ƙi ci ba a miƙa wa na kusa da shi, zubarwa ake yi, duk da yana ciwo.

Ƙuma ma ita ce mai sauƙin. Abin tsoro shi ne wanda ido ba ya gani. Kiriftosforidiyam, wata ƙwayar cuta ta ciki, in ya kama maciji, macijin zai ci abinci ya amayar bayan 'yan kwanaki, tsakiyar jikinsa ya kumbura, yana ramewa. A tsaka mai zanen damisa kuwa wutsiyar ce ke tsotsewa ta koma kamar tsinke. Bilic ba ya kashe shi, kuma babu maganin da za a ce tabbas yana warkarwa. Akwai kuma cutar nan ta bowa da mesa da ke taɓa ƙwaƙwalwa, maciji ya riƙa ɗaga kai yana kallon sama, in an kifar da shi ya kasa juyawa. Bowa na iya ɗauke da ita tsawon lokaci ba alama, mesa kuwa ba ta daɗewa. Ana zargin ƙumar nan na cikin masu yaɗa ta, shi ya sa hankalina ya tashi da na ga kin ce ta bazu. Ki sa ido a kan mesoshin nan biyu na watanni.

Masu kawowar kuwa, Allah ya shirya su. Duk bakinsu ɗaya ne: yaro ya gaji da shi, zan yi tafiya, ya fi ƙarfin ɗakina. Kuma duk sai su ce yana cin abinci lafiya lau. Ki ɗaga igwanar da aka ce lafiya lau, ki taɓa muƙamuƙinta ki ji yana lanƙwasawa kamar roba, ƙafafun baya sun kumbura har mai ita yana yabon ƙiba, alhali ƙashi ne ya yi laushi jiki ke naɗe shi. Yatsu suna rawa, ba ta iya ɗaga cikinta daga ƙasa, tana kallon ganye tana so ta ci, baki ya ƙi kamawa. Ba rana ɗaya ta zama haka ba. Shekara guda ko biyu ta yi a akwatin gilashi ba fitilar UVB mai maye gurbin hasken rana, ko kuma an ajiye ta bakin taga ana cewa tana shan rana, ba a san gilashi na tare hasken da ke sa jiki ya sarrafa kalsiyam ba. Wani ma abincin kare yake ba ta, dabbar da ganye kaɗai take ci, har ƙoda ta lalace. Ga macijin da aka ɗora a kan dutsen lantarki ko tabarmar ɗumi ba na'urar daidaita zafi, cikinsa ya ƙone ya yi ja ya ruɓe, shi kuma bai san ya matsa ba. Ga wanda aka jefa wa ɓera mai rai aka tafi barci, ɓeran ya ci bayansa har ƙashi. Ga saɓa uku a kan juna a ido ɗaya. Mutum ya ajiye miki wannan a kwali, ya karkaɗe hannu, har yana jiran ki yi masa godiya. Wasu ma tambaya suke ko za a ba su wani abu. Wannan ita ce ke tsaya mini a wuya.

Amma mu ma masu sana'ar mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wanda ya sayar da jaririn sulkata mai girman tafin hannu bai ce wa mai saye wannan zai wuce kilo arba'in, ya haƙa rami, ya ture shinge, ya yi shekara saba'in ba, shi ne ya fara aika shi ƙofarku. Haka igwana, ɗan koren nan mai kyau, zai kai mita ɗaya da rabi ko fiye, namijin kuma lokacin barbara wutsiyarsa bulala ce.

In an kawo mai yunwa, kada tausayi ya sa ki cusa masa abinci a ranar. Jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai, abincin ruɓewa yake a ciki. Ɗumi da farko, sai ruwa, sai shiru na mako guda, sannan abinci kaɗan, rabin abin da ya saba. Mesa mai dunƙulewa tana son gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi kamar 26, laima kashi sittin, a ƙara lokacin saɓa, da maɓoya biyu masu matse jiki. In ta amayar, a jira kwana goma sha huɗu, a ba ta ƙarami. Ƙin cinta na wata biyu ba abin tashin hankali ba ne muddin sikeli bai sauka sosai ba, shi ya sa nake ta nanata awo. Saɓar da ta maƙale a ido ba a ɓamɓare ta da farce, akwati mai jiƙaƙƙen gansakuka ake sa mata. Igwanarku kuma wurin shan zafinta ya kai digiri 35, doguwar fitilar UVB ba gilashi a tsakani, a rubuta ranar da aka sa ta a jikinta, don tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya ƙare. Nau'in T5 shekara guda, T8 wata shida. In mace ce ku sani tana yin ƙwai ko ba namiji, in ba ta sami akwatin ƙasa mai laima da za ta haƙa ba sai ƙwan ya maƙale.

Baba kuwa, ki yi haƙuri, rabin gaskiya na wurinsa, kila ma fiye. Ke dabbar kike gani, shi wutar lantarki da wuri da shekaru yake lissafawa. Mesa mai dunƙulewa tana kai shekara talatin, igwana sha biyar zuwa ashirin, sulkatar kuwa wataƙila jikokinsa ne za su gaje ta. Kada ki je masa da kuka, ki je masa da lamba. Ku zauna ku ce mazauna shagon nan guda kaza ne, ɗakin killacewa na ɗaukar guda kaza, in ya cika ya cika. Mai dafi, da kada, da manyan mesoshi irin na ƙasar Bama (Myanmar), ba a karɓa sam. Duk wanda ya kawo ya sa hannu a takarda cewa ya sallama har abada, don akwai mai dawowa bayan kun yi wata takwas kuna jinya ya ce a ba shi kayansa. A tambaye shi kuma takardar asali. Mesa mai dunƙulewa da igwana da sulkata duk suna rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma kowace ƙasa da nata dokar a kai, ki bincika taku kafin ki sake wa wata dabba gida. Wanda kuka ƙi karɓa kada a sallame shi hannu rabbana, a ba shi lambar wani mai kiwo ko gidan ceto, in ba haka ba daji zai kai shi. Dausayin Florida a Amurka ya ishi kowa misali, mesar Bama da ta fito daga cinikin dabbobin gida ta yi kaka-gida a can tana cinye namun wurin.

Mazaunan nan ma suna biyan kuɗin zamansu ta wata hanya. Ku ajiye babbar sulkata inda mai son sayen jariri dole ya wuce ta gabanta, da allo mai cewa ba ta sayarwa ba ce, ga shekarunta, ga nauyinta. Rabin masu sha'awar za su fasa, waɗanda suka rage su ne masu riƙewa. Sai dai ban da miƙa wa kowa ya ɗauka. Dabba ɗaya, minti goma, ba bayan cin abinci ba, ba lokacin saɓa ba. Wurin wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa, yaro ƙasa da shekara biyar kallo kawai, saboda salmonela, ƙwayar cutar gudawa da waɗannan dabbobin ke ɗauke da ita. Ita ce ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci huɗu ba tun 1975. Ku ma kada a wanke kwanonsu inda ake wanke na gida.

Ba ki faɗi abin da sulkatar ke ci ba. In 'ya'yan itace ne da latas, a koma ciyawa ɗanya da busasshiya, su ne kusan duk abincinta, a barbaɗa garin kalsiyam sau biyu a mako. In kunkurunku namiji ne kuma aka kawo muku namiji na biyu, kada a haɗa su, tunkuɗar juna suke har ɗaya ya kife, wanda ya kife a ƙarƙashin fitila kuwa ba ya kai yamma. Ki turo hoton muƙamuƙin igwanar daga gefe, da na farar takardar kejin mesar bayan kwana uku.