Tambayoyinku: wai domen ɗina zai mutu yau

Tambaya: Malam, ina da shagon yadi a Kantin Kwari kuma muna da shafi na .com.ng. Jiya wani ya kira wai daga kamfanin da muka yi rijista yake, domen ɗinmu, wato sunan adireshin shafinmu a intanet, zai mutu in ban karanto masa lambobin da za su shigo wayata ba. Jikina bai ba ni ba na kashe. Na yi daidai?

Amsa: Ka yi daidai Alhaji, ɓarawo ne. Babu kamfanin rijista da zai kira ka yana neman kod, ko ɗaya. Abin nan yana ci min rai wallahi, mutane sun ɗauka ɓarayin domen wasu gwanayen kwamfuta ne, alhali yawancinsu daɗin baki kawai gare su, su tsorata ka su ce yau-yau, kai da kanka ka miƙa makulli. A Agustan 2013 haka aka karkatar da shafin jaridar New York Times, imel ɗin yaudara aka tura wa wani dillalin Melbourne IT, kamfanin da jaridar ta yi rijistar domen ɗinta, ya shigar da kalmar sirrinsa. A 2020 ma'aikatan kamfanin rijistar domen GoDaddy aka yaudara har aka taɓa domen ɗin Liquid, wani kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto. To ina ga shagon yadi?

Tambayar da nake so ka amsa min, sunan wa ke kan rijistar? Na san halinku, yaron da ya haɗa shafin ne ya sa imel ɗinsa da lambarsa, ku kuma ko rasit ba ku karɓa ba, ranar da kuka ɓata ya tafi da shi kuna kallo. A mayar da sunanka yau. Ka buɗe imel daban na domen kaɗai wanda ba ya kan katin shago, ka kunna makullin hana canja kamfani, lambar EPP kuwa, wato lambar sirrin da ake mayar da domen wani kamfani da ita, ko ɗanka kar ya gani. Tantancewa mataki biyu, wato sa kod bayan kalmar sirri, ka yi ta da manhajar Google Authenticator, ni ban yarda da tes ba, don in aka yi wa layinka walkam bak shikenan kod ɗin wayar ɓarawo zai shiga.

Tambaya: Domen ɗina ya ƙare wata guda ke nan, ya tafi?

Amsa: Hajiya wata guda kina ina? Shiga akawun ɗinki yanzu, yawanci ana iya fanso shi amma da tara. Ki kunna sabuntawa ta atomatik, ki biya shekara 3 lokaci ɗaya.

Tambaya: In ɓoye bayanaina na WHOIS, wato rajistar da ke nuna wa jama'a mai domen?

Amsa: Ɓoye, in kamfaninka na bayarwa. Lambar waya a fili ita ke jawo irin kiran da aka yi wa Alhaji.