Amsa: Ƙadangaren ruwan Amurka mai dafi a fata

Malam, ka tambaya ko dabbar nan mai jan ciki da ka gani a bidiyo ƙadangare ce, kuma da gaske tana kisa. Kama dai ta yi da ƙadangare, amma danginta su kwaɗi ne. A ruwa take ƙyanƙyashewa da gaɓar numfashi a ruwa irin ta kifi, sai ta girma ta fito tudu. Masana na kiranta Taricha granulosa. Gidanta gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, daga kudancin Alaska har Kaliforniya, cikin dazuzzuka masu laima, ƙarƙashin ruɓaɓɓun itatuwa. Lokacin haihuwa ta koma tafki, ta riƙa liƙa ƙwai ɗaya-ɗaya jikin ciyawar ruwa.

Bayanta ruwan ƙasa ne mai kaushi, cikinta ruwan lemo. In ta ji tsoro sai ta gantsare, ta ɗaga kai da wutsiya ta nuna wannan launi: kashedi ke nan.

Ba ta cizo. Dafin a fata yake, sunansa tetirodotoksin, irin wanda ke jikin kifin talibambam na teku. Yana toshe saƙon jijiyoyi, jiki ya mutu, numfashi ya tsaya, kuma ba shi da makari. A 1979 wani mutum a jihar Oregon ya haɗiye guda, ya rasu. Taɓa ta kawai ba ya kisa, sai dai a wanke hannu kafin a taɓa ido ko baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, akwai wani ɗan maciji mai rodi-rodi a yankin da ke haɗiye ta lafiya lau, sai dai ya yi kasala na ɗan lokaci.